Babi na Shida: Awa Huɗu a Cikin Ƙanƙara

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Guga ta Katsina da tsakar ranar bazara ya san kular nan ta roba da yara ke tallar ruwan leda da ita, an fasa ƙanƙara an cika ta har baki. To, in aka ɗebe maganar tsabta, irin wannan kula ce ta yi shekara arba'in da ɗoriya tana jigilar zukatan 'yan Adam tsakanin manyan asibitocin duniya. Likita zai ciro zuciya daga ƙirjin mamaci, ya saka ta a jakar leda mai ruwan magani mai sanyi, ya ɗaure, ya saka jakar a cikin ta biyu, ta biyun a cikin ta uku, a binne su a ƙanƙara, a rufe murfi, a ruga.

Gudun ba na banza ba ne. Lissafi yana farawa ne daga lokacin da aka matse babbar jijiyar mai bayarwa jini ya daina shiga zuciyar, ba ya tsayawa sai an saki jini a cikinta a ƙirjin mai karɓa. Likitoci suna son tsakanin nan kada ya wuce awa 4. In ya kai 6 an shiga kasada. Kuma awa huɗun nan ba duka na tafiya ba ne, domin a ciki za a yanke zuciyar a shirya ta, a ciki kuma za a ɗinke ta a wurare biyar a jikin sabon mai ita, ɗinkin da kan ci kusan awa guda. Daga Katsina zuwa Kano kilomita 170 ne ko kusa da haka. Motar da ta tashi daga Ƙofar Guga da zuciya a kula za ta iya kai ta Kano a kan lokaci, amma da ƙyar, kuma sai in ba a tsaya ko'ina ba. Zariya ta yi nisa. Abuja kuwa sai dai jirgi. Ƙoda tana jure kwana guda a ƙanƙara, wani lokaci da rabi. Hanta tana kai awa 8 zuwa 12. Zuciya ce mai gajen haƙuri a cikinsu.

Dalilin yana cikin irin aikin da take yi. Tsoka ce da nauyinta bai wuce giram 300 da 'yan kai ba, amma tana bugawa kusan sau 100,000 a kwana ɗaya, tana tura jini wajen lita 7,000. Sauran gaɓoɓi sukan tsotsi kusan rubu'in iskar oksijin da jini ya kawo musu su bar saura. Zuciya tana kwashe kusan kashi 70 cikin ɗari ko mutum yana kwance yana barci. Kuzarin da take ajiyewa a jikinta ba ya isar ta ko da na minti guda na aiki, sai dai ta riƙa ƙera sabo kullum. Da jini ya yanke, ƙwayoyin tsokar sukan koma ƙona sukari ba iska, tsami ya taru a cikinsu. 'Yan famfunan da ke jikin kowace ƙwaya, masu fitar da gishiri waje, sukan mutu saboda rashin kuzari, gishiri ya kwararo ciki, ruwa ya biyo shi, ƙwayar ta kumbura. A zafin jiki na digiri 37, minti 20 zuwa 30 sun isa ɓarnar da ba ta gyaruwa ta fara.

Abin da ya fi ba ni mamaki a ilimin nan shi ne, wani kaso babba na ɓarnar ba a lokacin yunwar yake faruwa ba, sai lokacin da jini ya dawo. Ƙwayar da ta galabaita, iska ta shigo mata gaba ɗaya, ba ta iya sarrafa ta yadda ya kamata, sai ta riƙa fitar da wasu sinadarai masu ƙuna da ke yaga bangonta, sinadarin kalsiyam ya cika ta ta ƙage. Shi ya sa zuciya za ta iso da kyan gani, a ɗinke ta tsaf, a saki jini, ta ƙi bugawa da ƙarfin da zai ɗauki mutum. Wannan gazawar ta ranar farko ita ce kan gaba wajen kashe waɗanda aka yi wa dashe a watansu na farko, kuma tana ƙaruwa da kowace awa da aka ƙara a hanya, musamman in mai bayarwar ya manyanta.

Magani biyu aka fara samu: sanyi da tsayarwa. Duk digiri 10 da aka rage, buƙatar ƙwaya takan ragu da kusan rabi, ta yadda a digiri 4 zuciya ba ta neman fiye da kusan kashi ɗaya cikin goma na abin da take ci a jiki. Norman Shumway da Richard Lower na Jami'ar Stanford a Amurka ne suka nuna haka a kan karnuka wajen 1960, suna tsoma zuciyar a ruwan gishiri mai sanyi kafin su dasa ta. Amma ba su suka riga kowa gwadawa a kan mutum ba. Ranar 3 ga Disamba 1967, a asibitin Groote Schuur na Kef Tawun a Afirka ta Kudu, Christiaan Barnard ya dasa wa Louis Washkansky zuciyar Denise Darvall, budurwa 'yar shekara 25 da mota ta buge. Barnard bai sha wahalar ajiya ba, don ɗakunan tiyatar biyu suna maƙwabtaka da juna, 'yan taku ne tsakani. A riƙe wannan ma, za mu dawo kansa: ba a ciro zuciyar Denise ba sai da ta daina bugawa. Washkansky ya yi kwana 18, ciwon huhu ya ɗauke shi.

A 1968 an yi dashen zuciya kusan 100 a duniya, kowane babban asibiti yana son a ce da shi, kuma yawancin marasa lafiyan ba su ga ƙarshen shekara ba, jikinsu ya ƙi baƙuwar. Aka ja da baya, sai 'yan tsiraru irin su Shumway suka dage, har maganin cyclosporine mai danne garkuwar jiki ya shigo a farkon shekarun 1980. A tsakanin nan ne aka gyara dabarar tsayarwa. In aka ɗura wa jijiyoyin zuciya ruwa mai yawan sinadarin fotasiyam, cikin daƙiƙoƙi za ta saki jiki ta tsaya cak, ba tare da ta ƙarar da ɗan kuzarinta wajen fizge-fizge ba. An haɗa irin wannan ruwa a asibitin St Thomas na Landan a tsakiyar shekarun 1970, Bretschneider ya haɗa nasa a Jamus, Belzer da Southard suka fito da na Jami'ar Wisconsin a ƙarshen shekarun 1980. Kowanne da abin da ya ƙara don hana kumburi da rage tsami. A 1977 likitocin Richmond a jihar Bajiniya ta Amurka suka ɗauko zuciya a jirgin sama daga wani gari mai nisan ɗaruruwan kilomita suka dasa, daga nan kula ta zama kayan aiki.

Ƙanƙara tana da nata sharri. Ba ta da saiti. Gefen zuciyar da ya jingina da ita yakan sauka har kusa da sifili ya daskare, tsokar ta ji rauni, alhali tsakiyar ba ta gama sanyi ba. Saboda haka wani kamfani mai suna Paragonix ya ƙera tulu da ke rataye zuciyar a cikin ruwa ba ta taɓa komai, yana riƙe ta tsakanin digiri 4 da 8, ana ganin ma'aunin daga waje. Gyara ne mai kyau, amma zuciyar tana nan cikin yunwa, an dai rage mata gudu ne.

Tunanin a ciyar da ita a hanya ba sabo ba ne, kuma a nahiyarmu aka fara gwada shi a kan mutane. A farkon shekarun 1980, a Kef Tawun ɗin dai, Winston Wicomb da David Cooper na tawagar Barnard sun haɗa wata na'ura ta tafi-da-gidanka mai zagaya ruwa mai sanyi da iska ta cikin jijiyoyin zuciya. Sun yi wa mutum huɗu dashe da ita, ɗaya daga cikin zukatan ta wuce awa 16 a waje. Duniya ba ta bi su ba a lokacin. Kula ta fi arha, ba ta lalacewa, kuma a Turai mai gajerun hanyoyi awa huɗu tana isa.

Wanda ya dawo da maganar da ƙarfi wani likita ne haifaffen Masar, Waleed Hassanein, wanda ya kafa kamfanin TransMedics a Amurka. Shi bai yarda da sanyin ba ma. Na'urarsa akwati ce mai taya, ana zuba mata fiye da lita guda na jinin mai bayarwa, a ɗumama shi zuwa digiri 34, a haɗa masa iska da abinci, a jona shi da babbar jijiya. Zuciyar takan tashi ta ci gaba da bugawa a cikin akwatin, a mota ko a jirgi, likita na zaune kusa da ita yana auna tsamin da ke jinin. In tsamin yana sauka, zuciyar tana da lafiya. In yana hawa, a fasa. Wannan shi ne babban amfaninta a ganina, ya ma fi ƙarin lokacin: a da likita kan dasa zuciya ne bisa kyakkyawan zato, yanzu yana iya gwada ta tukuna. An fara amfani da akwatin a Turai a 2006, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2021. Tsadarsa kuwa ba a magana, kayan da ake jefarwa bayan aiki ɗaya kaɗai suna cin gomman dubban daloli.

Mutanen Suwidin suka bi ta tsakiya. Stig Steen na Jami'ar Lund ya ƙera akwatin da ke riƙe zuciya a tsaye, ba bugu, a digiri 8, ana zagaya mata ruwa mai iska da jajayen ƙwayoyin jini a hankali. Da shi aka ajiye zuciyar aladen da aka dasa wa David Bennett a jihar Maryland ta Amurka a Janairun 2022. Da shi kuma, a Janairun 2024, aka ɗauko zuciyar mutum daga tsibiran Faransa na Karebiyan a cikin jirgin fasinja na Air France, aka ƙetare Tekun Atlantika, tafiyar sama da kilomita 6,700, aka dasa ta a asibitin Pitié-Salpêtrière na Faris bayan awa 12, ta kama aiki. Da awa 12, babu garin da ya yi wa wani nisa tsakanin Maraɗi da Legas.

Ko muna da masu buƙata? Muna da su, kuma wasu daga cikinsu duniyar likitanci ta san su ne ta ƙasarmu. A shekarun 1970 likitoci biyu na asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, Davidson da Parry, sun bi diddigin mata sama da 200 a Zariya waɗanda zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa. Kowace unguwa ta san alamar: mai jego ta kumbura, tana haki, ba ta iya kwanciya sai a jingine, tari ya hana ta barci. Su likitocin sun ɗora laifin a kan kunun kanwa mai yawan gishiri, da wankan jego da tafasasshen ruwa, da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta. Wani bincike a Sakkwato a 2007 ya sami ciwon a kusan haihuwa ɗaya cikin 100, adadin da ke cikin mafi yawa a duniya. Daga baya aikin Farfesa Kamilu Ƙaraye na Jami'ar Bayero da abokansa ya rage wa al'adar nauyin laifi, ya nuna talauci, da rashin abinci mai gina jiki, da hawan jinin masu ciki, da ƙarancin sinadarin seleniyam a jini. Da yawa daga cikin matan nan suna farfaɗowa da magani. Wasu zuciyar ba ta komawa daidai, kuma a ƙasashen da ake dashe irinsu ne ake sakawa a layi. Ga kuma yaran da ciwon maƙogwaro da ba a yi wa magani ba ya cinye musu ƙofofin zuciya, ga magidantan da hawan jini ya buɗa wa zuciya har ta saki.

Dole in faɗi ra'ayina a nan: kuɗin akwati ɗaya zai sayi allurar fenisilin da maganin hawan jini na mutane masu ɗimbin yawa, kuma duk gwamnan da ya fara da akwatin ya fara daga wutsiya. Amma wannan ba ya share tambayar, don ko an yi rigakafin duniya za a sami wanda zuciyarsa ta ƙare.

Mai ciwon ƙoda yana da mafita. Tun 2000 ake dashen ƙoda a asibitin St Nicholas na Legas, tun 2002 a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, kuma kusan duk ƙodojin daga rayayyu suke fitowa, ƙane ya ba wa, uwa ta ba ɗa. A kwantar da su ɗaki biyu kusa da juna, maganar ajiya ba ta ma tasowa sosai. Zuciya ba ta da ta biyu. Ba ɗan'uwan da zai ba ka, kuma mai kuɗi ma ba zai hau jirgi ya sayo ba, domin ƙasashe irin su Indiya ba sa ba baƙo zuciya sai an rasa ɗan ƙasa da ta dace da shi. Amurka tana dashen zuciya sama da 4,000 a shekara, kowace ɗaya daga mamacin da shi ko danginsa suka ce a ɗauka.

Ba hannun tiyata muka rasa ba. An buɗe zuciya a Inugu tun 1974, aikin likitoci Fabian Udekwu da Magdi Yacoub. Abin da babu shi ne duk abin da ke zuwa kafin akwatin. Mai bayar da zuciya galibi matashi ne da ya yi hatsari ya bugu a ka. Sai an ɗauke shi daga titi da rai, an kai shi ɗakin gobe-da-nisa, an jona shi da na'urar numfashi da wutarta ba ta ɗaukewa, an riƙe jininsa da zafin jikinsa na awoyi. Sai likitoci da ba su da hannu a dashen sun gwada sun tabbatar ƙwaƙwalwarsa ta mutu. Sai an san rukunin jininsa da girman jikinsa, an duba jerin masu jira. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta halatta kyautar gaɓa ta haramta sayar da ita, amma doka ba ta kawo yarda. Bayan hukuncin da kotun Landan ta yanke wa Sanata Ike Ekweremadu a 2023 kan yunƙurin cire ƙodar wani matashi, duk likitan da ya tunkari dangi da maganar gaɓa sai an yi masa wani kallo.

Sannan ga namu hanzarin. Wanda ya cika da hantsi a Katsina, kafin la'asar an yi masa sutura an kai shi maƙabartar Ɗan Marna, kuma jinkirta gawa abin kunya ne ga dangi. Malamai sun daɗe da tattauna batun. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Amman a 1986, ta karɓi mutuwar ƙwaƙwalwa a matsayin mutuwa ta shari'a in ƙwararrun likitoci sun tabbatar. A zamanta na Jidda a 1988 ta halatta ɗaukar gaɓar mamaci don ceton rai, da izininsa ko na magadansa, ba da ciniki ba. A kan haka Saudiyya take dashen zuciya a Riyad shekara da shekaru. Amma majalisar fiƙihu ta Rabiɗa a Makka ta ɗauki wata hanyar a 1987. Ta ce ana iya cire na'ura daga wanda ƙwaƙwalwarsa ta mutu, sai dai ba a hukunta shi mamaci sai numfashi da bugun zuciya sun tsaya bayan an cire. Wannan fahimtar ta fi kusa da abin da mutanenmu suka saba da shi. Uwar da ta ɗora hannu a ƙirjin ɗanta ta ji ɗumi da bugu, da wuya wani gwaji ya gamsar da ita cewa ya tafi.

Shekaru da yawa wannan matsayi yana nufin ba zuciya ke nan, don zuciyar da ta tsaya da kanta a jiki mai ɗumi ta riga ta sha wuya, ba mai yarda ya ƙara mata awa huɗu a ƙanƙara ya dasa ta bai gwada ba. Akwatin ɗumi ya sauya lissafin. A 2014 likitocin asibitin St Vincent na Sidni a Ostireliya suka ɗauko zuciyar da ta riga ta tsaya, suka tashe ta a akwati, suka ga tana aiki, suka dasa. Asibitin Papworth na Ingila ya biyo a 2015, Jami'ar Duke ta Amurka a ƙarshen 2019. Wato an koma inda Barnard ya fara, amma yanzu da nisa a tsakani. Wani gwaji da aka buga a 2023 a kan mutum 180 ya nuna kashi 94 cikin ɗari na waɗanda suka karɓi irin wannan zuciya suna raye bayan wata shida, a kan kashi 90 na waɗanda suka karɓa ta tsohuwar hanya.

Yadda ake yi shi ne, a cire na'urar numfashi bisa shawarar likitocin marar lafiya da danginsa, a jira zuciya ta tsaya, a ƙara jiran minti biyar ba mai taɓa shi, likita ya tabbatar da rasuwa. Daga nan sauran mintoci ne. Daga faɗuwar jini zuwa ɗura ruwan sanyi ba a son a wuce kusan rabin awa, don haka tawagar tiyata tana tsaye da kayanta a ɗakin da ke kusa tun kafin a cire na'urar. Ba a jinkirta jana'iza fiye da 'yan awoyi, ana ɗinke ƙirji a miƙa gawa a yi mata wanka kamar kowa. Sai dai izinin dangi ba ya jiran bayan rasuwa. Dole a nemo shi tun marar lafiya yana kan gado, 'yan'uwa suna zaune a baranda suna jan carbi suna roƙa masa sauƙi. A ƙasashen da abin ya kafu, akwai ma'aikatan jinya da aka horar musamman don wannan zancen kaɗai, ba su da alaƙa da masu tiyatar, kuma su ne na farko da ake kira kafin a nemi jirgi ko akwati.